Yadda na raba tankina na murjani da cutar farin ɗigo

Duk mai ajiye kifin teku a gida, ko ba jima ko ba daɗe sai ya yi karo da cutar farin ɗigo. Ni ta shigo mini ne a jikin wani kifi mai launin shunayya da rawayar jela, ɗan asalin Bahar Maliya, wanda masana ke kira Zebrasoma xanthurum. A wani shago na saye shi a nan Jidda inda nake aiki. Tankina na cin lita 400, cike yake da murjani mai rai, wato halittar teku mai kama da dutse ko reshe, da jatan lande da dodon koɗi, ga kuma kifayen da muka daɗe tare.

Alamar farko ita ce susa. Sai ka ga kifin ya karkace ya goga gefensa a dutse, ya wuce da gudu, ya dawo ya sake. Bayan nan fararen ɗige-ɗige suka bayyana a fiffikensa, kowanne bai wuce ƙwayar gishiri ba. Numfashinsa ya ƙaru, ya riƙa tsayawa a bakin famfo inda ruwa ke bugowa. Kafin mako ya zagayo ɗigon ya ɓace fes. 'Yata ta rugo tana murna: "Abba, kifinka ya warke!" Ni ma na so ya zama haka. Ba a jima ba cutar ta dawo, wannan karon a jikin kusan kowa.

Sai da na fahimci rayuwar ƙwayar cutar sannan na daina lalube. Sunanta Cryptocaryon irritans. Tana kutsawa ƙarƙashin fatar kifi da wurin numfashinsa, ta yi kwana 3 zuwa 7 tana ci. Idan ta ƙoshi sai ta saki kifin ta faɗa cikin yashi ko kan dutse, ta rufe kanta da ɓawo mai tauri, ta shiga rarrabuwa har ta zama ɗaruruwa. Ranar da ɓawon ya fashe, 'ya'yan za su bazu cikin ruwa suna neman kifi, kuma wanda bai samu ba cikin kwana ɗaya zuwa biyu mutuwa zai yi. Ashe ɓacewar ɗigon da muka yi wa murna, komawa yashi cutar ta yi domin ta hayayyafa. Magani ba ya isa gare ta a ƙarƙashin fata, ba ya huda ɓawon, sai a ɗan lokacin nan da take yawo a ruwa.

Shawara kam na sha ta. Wani ya ce in jiƙa abinci da tafarnuwa. Tana iya buɗe wa kifi ciki, amma ba ta kashe ƙwayar. Wani ya ce in ƙara zafin ruwa. Wannan dabarar masu kifin ruwan daɗi ce, tasu ƙwayar daban take, a tankin murjani kuwa zafi wahalar da murjanin zai yi ya kuma rage iskar da kifi mara lafiya ke nema ido rufe. Jatan landen da ke tsince dattin jikin kifi ba ya kaiwa ga abin da ke ƙarƙashin fata. Fitilar UV, wato mai hasken kashe ƙwayoyin cuta a ruwa, tana rage yawan 'ya'yan da suka bi ta cikinta, sauran suna nan. Abin da ya fi ɓata mini rai shi ne kwalaben da ake rubuta wa cewa suna kashe cutar ba tare da taɓa murjani ba. Mutum ya zuba, ɗigon ya faɗi don lokacinsa ya yi, ya ɗauka magani ne ya ci.

Maganin da ke aiki da gaske na jan ƙarfe ne, shi kuwa guba ne ga murjani da jatan lande da dodon koɗi, har duwatsu suna shanye shi su riƙa amayo shi daga baya. Don haka dole a raba gida biyu: kifaye su koma wani tanki a yi musu magani, babban tanki a bar shi babu kifi ko ɗaya har yunwa ta kashe abin da ke cikin yashi.

Kamun kifi a cikin duwatsu ba wasa ba ne. Sai da na kwashe duwatsun ɗaya bayan ɗaya zuwa bokitai masu ruwan tankin, na rage ruwan, sannan na iya kama na ƙarshe, wani ƙarami da ya maƙale a rami. Tankin jinyar babu yashi babu dutse, sai guntayen bututun roba don su samu maɓoya, da soson tace ruwa, da hita, da na'urar hura iska. Na yi amfani da wani maganin jan ƙarfe mai suna Cupramine, wanda ma'auninsa miligiram 0.5 ne a kowace lita. A hankali na ɗaga shi, kuma kullum sai na auna, domin in ya yi ƙasa ƙwayar za ta tsira, in ya haura kifi zai cutu. Kwana 30 masu wannan harka suka saba riƙewa, ni ma haka na yi.

Abin da ya fi ba ni wahala a nan amoniya ce, wato gubar da kashin kifi ke tarawa a ruwa. Sabon tanki ba shi da isassun ƙwayoyin da ke narkar da kashin kifi, don haka canjin ruwa ya zama aikin safe da yamma, kuma sabon ruwan sai na zuba masa nasa maganin daidai ma'auni kafin ya shiga. Ba a haɗa wannan magani da sinadaran ɗaure amoniya, haɗin yana ƙara masa dafi. Gawayin tacewa ma cire shi ake yi don yana tsotse maganin. Duk da haka na rasa kifi ɗaya wanda cutar ta riga ta cinye masa wurin numfashi. Na ji zafin rashinsa ƙwarai, don daga hannuna yake karɓar abinci.

Akwai masu rage gishirin ruwa daga 1.025 zuwa 1.009 a ma'aunin nauyin ruwa, akwai masu sauya wa kifi sabon tanki duk awa 72. Duka suna aiki a kan farin ɗigo. Sai dai in ka ga ƙura-ƙura mai launin zinariya a jikin kifi kuma suna mutuwa da sauri, wannan wata cuta ce daban mai suna Amyloodinium, rage gishiri ba ya maganinta.

Babban tankin kuwa kwana 76 ya yi babu kifi. Adadin ya samo asali ne daga rubutun wasu masana biyu, Colorni da Burgess, na 1997, inda aka nuna ɓawon na iya kaiwa kwana 72 bai fashe ba. Wannan jiran shi ne ainihin maganin, kuma a nan mutane da yawa ke karaya, ganin kifi ya murmure yana ci cikin ƙuntataccen tanki. Na riƙa jefa ɗan abinci don jatan lande da ƙwayoyin tace ruwa, na ware wa kowane tanki ragarsa da bokitinsa da tiyonsa, na kuma nisanta su da juna.

Tun da kifayen suka koma ban sake ganin ɗigo ba. Yanzu duk sabon kifi sai ya yi watansa a tankin jinya, murjani da dodon koɗi kuma sai sun cika kwana 76 a wani ƙaramin tanki marar kifi, tunda ɓawon na iya maƙalewa a gindin murjani ko a bayan koɗi.