Godiya ga duk wanda ya tsaya min lokacin jinyar bayana

Assalamu alaikum 'yan uwa da abokan arziki. Alhamdulillah na gama shan magani, likita ya sallame ni, har na koma shago na hau keken ɗinki, to na ga bai kamata in yi shiru ba.

Da yawa har yanzu tambayata kuke wai me ya same ni. Tarin fuka ne ya kama min ƙashin baya, kuma wallahi ko sau ɗaya ban yi tari ba, shi ya sa ba wanda ya kawo shi a rai. Kowa cewa yake ai zaman keken ɗinki ne, wasu su ce sanyi, wasu basir, har da mai cewa jifa ne, ni kuma ina ta ramewa, zazzaɓi da yamma, gumi da dare har riga ta jiƙe, maganin kemis ya ɗan kwantar da ciwon tsatson anjima ya dawo. Hoton ƙashi na farko bai nuna wani abin kirki ba, sai da aka yi MRI, wato hoton na'ura mai nuna cikin jiki dalla-dalla, aka ga ciwon ya ci ƙasusuwa biyu na ƙasan baya, waɗanda likitoci ke kira L2 da L3, da faifan da ke tsakaninsu, ga ruwan ciwo ya taru a gefe. Shi aka zuƙa da allura aka gwada aka tabbatar.

Likitoci da nas-nas na Asibitin Ƙashi na Dala, Allah ya saka da alheri, musamman likitan da ya zaunar da ni ya ce in aka bar irin wannan ciwon, ƙashin na iya rubzawa ya bar mutum da doro ko ya danne jijiya ƙafa ta mutu, kuma duk mai ciwon baya da ya ji ƙafarsa ta fara rauni ko fitsari na kufce masa, wannan ba na jira gobe ba ne. Ma'aikatan sashen tibi, wato tarin fuka, su ma na gode, maganin kyauta ne amma na ƙashi wata 12 ake sha, wata 2 kala huɗu sannan wata 10 kala biyu, kullum da sassafe kafin kari. Da ba su gaya min maganin zai sa fitsari ya koma ja ba ai da na tsorata na watsar.

Yaya Babba, kuɗin MRI da ka biya ba tare da ka bari na sani ba, na ji labari, Allah ya ƙara buɗi. Ƙungiyarmu ta teloli da kuka yi karo-karo kuka kuma ƙarasa ɗinkunan sallah da na karɓa, kun rufa min asiri. Kwastomomi da kuka yi haƙuri ku ma na gode. Maƙwabcina mai adaidaita da ke lallaɓawa da ni a kan ramuka, ban manta ba.

Uwargida kuwa ban san me zan ce ba, ita ke juya ni, ita ke ɗaura min bel ɗin tallafe baya, ita ke tashina shan magani ko ina faɗa. Allah ya biya ki da Aljanna.

Inna, addu'arki ta karɓu. Masu dubiya da masu kira a waya, wanda ban ambata ba dan Allah ya yafe min, Allah ya bar zumunci. Gashin ƙashi dai ana ci gaba, kuma an hana ni dogon zama da ɗaukar kaya mai nauyi, don haka mai kawo ɗinki ya ɗan ƙara min kwana.