Mutum ɗaya, shafi uku

Jiya da yamma na kai wayata gyara a Aboabo, a nan Kumasi, sai na tarar da wani dattijo yana roƙon mai shagon ya buɗe masa sabon shafin Facebook, domin ya manta kalmar sirrin na baya. Mai gyaran ya yi dariya ya ce, “Baba, wannan shi ne na uku da na buɗe muku.” Tsofaffin biyun suna nan, ba wanda ya rufe su.

Tun daga lokacin nake ta tunanin alƙaluman yawan masu amfani da su da kamfanonin intanet ke shelantawa, musamman da yake da su ake jawo masu talla da masu zuba jari, kuma mai kayan shi ne mai ƙirgar. Kamfanin Facebook da kansa ya bayyana a rahotonsa na 2019 cewa kusan kashi 11 cikin ɗari na masu shiga duk wata shafuka ne da aka maimaita, kashi 5 kuma na bogi. A 2022 Elon Musk ya yi jayayya da Twitter kan iƙirarin kamfanin cewa shafukan bogi ba su kai kashi 5 ba, kafin ya saye shi a kan dala biliyan 44.

Ko a Ghana, ƙidayar 2021 ta ba da mutum miliyan 30.8, amma layukan waya sun zarce haka, kuma ni ma biyu ne a aljihuna.