Tsofaffin Porsche masu injin iska: me ya sa kuɗinsu ya ƙi sauka?

A shekarar 1998 kamfanin Porsche na Jamus ya daina ƙera mota 911 mai injin da iska ke sanyayawa, bayan shekaru fiye da talatin, ya koma ga inji mai lagireto da ruwa saboda dokokin hayaƙi da na ƙara. Samfurin 911 da ake kira 993 shi ne auta a masu injin iska, kuma daga ranar adadin waɗannan motoci sai raguwa yake yi.

Tsarin ba baƙo ba ne a wajenmu a Maradi, domin baburan ƴan kabu-kabu ma iska ce ke sanyaya injinsu. A 911 injin yana baya, mai silinda shida kwance, da fanka babba da bel ke juyawa, sannan yana ɗaukar baƙin mai wajen lita goma sha ɗaya, wanda shi ma ke kwashe zafi. Irin wannan inji ne ya keta hamadar ƙasarmu a gasar Faris zuwa Dakar ta 1984, wadda direba René Metge ya lashe da Porsche 953, wato 911 da aka shirya don gasar.

Farashi ya fara hawa sosai wajen 2012 zuwa 2015, lokacin da ruwan bashin banki ya faɗi a Turai da Amurka, masu dukiya suka shiga neman inda za su adana ta. Wata nau'in 911 mai suna Carrera RS 2.7 ta 1973, wadda guda 1,580 kacal aka ƙera, ita ce ta ja gaba. A watan Satumba na 2016 aka yi gwanjon wata 993 GT2 a Landan kan fam miliyan 1.8, kuɗin da ya haura sefa biliyan ɗaya. Kasuwar ta lafa, ta sake tashi a zamanin korona da gwanjon intanet, sannan ta ɗan yi sanyi daga 2023 da ruwan bashi ya hau, amma motoci masu kyau ba su koma tsohon kuɗinsu ba. Har samfurin 964, wanda ya gabaci 993, da aka daɗe ana rainawa ya yi daraja, tun da kamfanin Singer na Kalifoniya ya soma saye yana sake gina su.

Abin da masu saye ke biya a yau shi ne asali: lambar inji ta dace da ta jiki, fenti na kamfani, takardun gyara cikakku. Wannan ne ke sosa mini rai, domin mota mai ƙarancin kilomita ta fi tsada, sai mai ita ya kulle ta a gareji yana tsoron hawa, alhali kanikawa sun san injin da ba ya aiki robobinsa bushewa suke yi, baƙin mai ya riƙa ɗiga. A nan kuwa tsofaffin Volkswagen Beetle, su ma masu injin iska, waɗanda Ferdinand Porsche ya zana kuma aka haɗa su a Legas daga 1975, da yawansu sun ƙare a hannun masu sayen ƙarfe a kan sikeli, tare da injinan da masu neman kayan gyara a Turai za su biya da yuro.