Lamba 61 da ta koma 93

Har yanzu idan na tuna sai raina ya ɓaci, don kanel ɗin Linux, wato zuciyar manhajar da ke tafiyar da na'ura, bai ce uffan ba. Da ya yi ƙorafi ko na layi ɗaya, da tun da wuri na gama.

Aikin wata masana'anta ne a Kakuri. Allon lantarki ne mai guntun Zynq-7000, wanda ya haɗa furosesa da FPGA, wato ɓangaren da mutum ke tsara da'irarsa da kansa. An gina ma'aunin wuta a ɓangaren FPGA, duk sanda ya gama awo sai ya aika kira ya katse furosesa ta zo ta kwashi sakamako. Rubuta direban, wato manhajar da ke haɗa kanel da ma'aunin, bai ba ni wahala ba. Ya loda lafiya, request_irq, wadda direba ke neman layin kira da ita, ta dawo da sifili, alamar komai daidai. Amma kira ko ɗaya bai iso ba.

Babu abin da ban zarga ba: wutar janareto, zafin ɗakin, har shi kansa allon. Sai da na fito da siginar kan fil na waje, na aro osiloskof, na'urar da ke nuna sigina, na ga tana tashi daram a kan lokaci. Kullum da safe manaja zai leƙo: "Injiniya, yau ma shiru?" Ni kuma in ce, "Ranka ya daɗe, saura kaɗan," alhali ban san inda ƙaya ta soke ni ba.

Ashe matsalar tana cikin fayil ɗin dts, wato mai gaya wa kanel na'urorin da ke kan allon, da wanda ya fara aikin ya bari. GIC, wato mai rarraba kira na furosesar ARM, ya kasa lambobinsa uku. Daga 0 zuwa 15 na saƙo ne tsakanin furosesa da 'yar uwarta, 16 zuwa 31 na kowace furosesa ita kaɗai, daga 32 zuwa sama kuma na sauran na'urori, su ake kira SPI. Littafin Zynq ya ce layin farko daga FPGA lambarsa 61, gaskiya ne kuwa. Sai dai a dts ana ƙirga SPI ne daga sifili, kanel ke ƙara 32 da kansa. Kenan 29 ya kamata a rubuta. Shi kuwa bawan Allah ya kwafi 61 yadda ya gan ta, kanel ya ƙara 32, direbana ya je ya zauna gadi a ƙofa ta 93, wadda ba mai bi.

Abin haushin, amsar tana cikin /proc/interrupts, fayil ɗin da Linux ke jera kiraye-kiraye a ciki, tun ranar farko. Akwai lambar da Linux ke ba kira a farkon layi, akwai ta ainihin GIC a gaba, kuma 93 ce ɓaro-ɓaro. Yanzu kafin in taɓa waya ko ɗaya, wannan lamba ta biyu nake fara gwadawa da littafin na'ura.

Da na mayar da ita 29, kira ya shigo kamar ruwan Agusta har allon ya sandare. Wannan bai ɗauke ni lokaci ba: a layin kiran da ke cikin dts, gurbi na uku, mai nuna yanayin siginar, 4 ne, ma'ana muddin siginar tana sama GIC zai ci gaba da kira, dole direba ya share rajistar na'urar kafin ya fita.

Kuɗin jinkiri dai daga cikin nawa aka cire. Wanda ya rubuta 61 ya daɗe da karɓar nasa cif, an ce ma yana Abuja.