Yadda na bi sawun guguwar maganaɗisun Mayun 2024 daga Sakkwato

Masu tambayata mi nake yi da layukan nan masu hawa da sauka a kwamfuta, to ga bayani. Furojet ɗina ne na fizik, Malam ya ba ni guguwar maganaɗisu ta 10 ga Mayu 2024, wadda ta kai matakin G5, mataki mafi ƙarfi a ma'aunin irin waɗannan guguwa, rabon da a ga irinta tun Oktoban 2003. Aikina in duba yadda ƙananan bugun da ke zuwa cikin guguwar suke taɓa lantarkin ayonosfiya, wato sashen sama mai iska mai cajin lantarki, a saman ikweta.

Kun san idan iskar rana, wato ƙwayoyin caji da ke fitowa daga rana, ta doki maganaɗisun duniya layukansa kaɗawa suke yi kamar tsirkiyar garaya, kuma kowace kaɗawa da sunanta, Pc3 daƙiƙa 10 zuwa 45 take ɗauka, Pc5 kuma 150 zuwa 600. Wannan lissafin shi ya fara tsayar da ni, don bayanan da suka fi sauƙin saukewa a INTERMAGNET, haɗakar tashoshin auna maganaɗisun duniya, na minti ɗaya-ɗaya ne, Pc5 ma da ƙyar take fitowa a ciki, Pc3 kam sai ka nemo na daƙiƙa-daƙiƙa, fayil manya ga data tsada ga zafin Sakkwato kwamfuta na ta huci.

Mi ya sa ikweta? Sama da mu kilomita wajen 105 akwai wani siririn kwararon lantarki da ke gudu gabas da rana, ilektrojet, sunan da Sydney Chapman ya raɗa mishi a 1951, kuma a tashar Huancayo ta ƙasar Peru aka fara ganin alamarsa. A wurin layukan maganaɗisu kwance suke, shi ya sa ɗan lantarki kaɗan, wato ƙarfin da ke tura caji, in ya sulalo daga can kusa da ƙuryar arewa da kudu ta duniya sai ya tada babban karan, wato gudun cajin kansa, bugun ya fito da girma fiye da na tashoshin da ke gefe. Kuma fa ikwetan maganaɗisu ba shi ne na taswira ba, a Afirka ta Yamma ta arewacin Najeriya ya ratsa, ba mu da nisa da shi ko kaɗan.

Sai dai guguwar ta iso wajen ƙarfe shida na yamma agogonmu, lokacin ilektrojet ɗinmu ya riga ya yi sanyi, a Peru kuwa rana tsaka ce, dole bayanan can na koma. Dabarar ita ce ka ɗauki H, wato ƙarfin maganaɗisun da ke kwance, na tashar ikweta ka cire na wata tasha da ke nesa kaɗan, ka sake cire na ranakun da babu guguwa, sannan ka tace.

Da na kai zanen farko Malam ya daɗe yana kallo ya ce, "Ɗan nan, karan ka auna ba lantarkin ba." Gaskiyarsa wallahi, magnetomita, na'urar auna maganaɗisu, karan take ji, kuma da dare sashen E na ayonosfiya, inda ilektrojet yake, ya kan rasa kusan duk ilektron ɗinsa, layi ya kwanta shiru alhali lantarkin na nan yana aiki. Masu auna shi sosai su ne irin radar Jicamarca kusa da Lima, da ke bin yadda filasma, wato iskar nan mai caji, ke hawa da sauka. Don haka duk abin da na rubuta kan awannin rana kaɗai na tsaya.