Talatar Yaya

Umma ba ta ajiye waya ba tun safe. Yaya ya tashi daga New York daren Litinin agogon can, tikitinsa kuma ya nuna sai asubahin Laraba zai sauka Singafo. Abin da ya hana ta sukuni ke nan.

"Ke, zo nan. Kwana biyu zai yi a sama?"

Na ce, "A'a Umma, awa 18 zuwa 19 ne. Agogon Singafo ya riga na New York da awa 12, lokacin sanyi ma 13. Shi ya sa Talatar ta shige ciki."

"Ba su tsayawa shan mai?"

Na ce ba sa tsayawa ko'ina. Kilomita 15,000 da ɗoriya ne tsakanin filayen jirgin biyu, kuma yau duk duniya babu tafiyar fasinja kai tsaye da ta kai ta nisa. Jirgin Airbus A350 ne da aka tsara shi don ya ɗauki mai da yawa, kujerunsa ma 161 kacal saboda a rage nauyi. Matuƙa kuwa karɓa-karɓa suke, wasu na tuƙi wasu na barci.

Barcin nan bai yi mata daɗi ba ko kaɗan. Ta ce, "Barci? A sama?" Autarmu ta tuntsire da dariya, ni ma na taya ta.

Sai na buɗe mata taswirar da ke bin sawun jirage. Na nuna mata ya tsallake Tekun Atlantika, ya bi ta kan Turai ya nufi Asiya. Sau da yawa idan za su dawo ma gabas suke sake yi, ta kan Tekun Fasifik, domin can sama akwai iska mai ƙarfi da ke kaɗawa daga yamma zuwa gabas, ita ke tura jirgin ta baya. Hanyar ta fi tsawo amma ta fi sauri. Wannan ya burge ni matuƙa, ita ko a jikinta. Ta ɗora yatsa a kan ɗan jirgin, ta ce, "Allah ya sauke min shi lafiya."

Aiki yau sama-sama. Wanki na nan jibge. Ban kira Anti ba.

Da yamma ne abin ya dawo kaina. Ina ta zuba wa Umma lissafi kamar ni ban damu ba, alhali duk bayan ɗan lokaci sai na leƙa taswirar nan. Ya ce ba zai buɗe intanet ɗin jirgin ba, hutawa zai yi, to shiru ne har ya sauka. Abin da ya tsaya min a rai shi ne, idan wani abu ya taso a gida yanzu, ko da kuɗi a hannunsa sai ya kwana a hanya kafin mu gan shi. Da yake shirin tafiyar ban taɓa kawo wannan ba, murna kawai nake taya shi.

Umma ta ce in tashe ta da zarar ya yi magana, ko ƙarfe nawa ne.