Taye Taiwo da daƙiƙa ɗayan da ta cinye masa shekara shida

A bangon gidan kallon ƙwallon da nake riƙe da shi a Agege, daidai saman allon da nake rubuta wasannin mako da alli, akwai wani hoto da rana da hayaƙin janareta suka koɗar. Mutumin da ke jikinsa yana sanye da farar rigar Marseille, ya ɗaga ƙafar hagu zai saki ƙwallo. Yaran yanzu ba sa ko ɗaga kai su kalle shi. Amma ranar Asabar ɗin da ta wuce, ɗan yayata da ke taya ni karɓar kuɗi a ƙofa ya zo yana dariya, ya miƙo min wayarsa, ya ce, "Kawu, ashe mutumin nan naka shi Aguero ya zubar?"

Na san bidiyon tun kafin in duba. Wanda bai san komai a ƙwallo ba ma ya taɓa ganinsa. Ƙwallon da ta ba Manchester City gasar Ingila a 2012 ce: Balotelli yana faɗuwa ya tura ƙwallo, Aguero ya taɓa ta sau ɗaya, wani ɗan baya ya miƙa ƙafa bai samu komai ba, sai raga. Wannan ɗan bayan shi ne Taye Taiwo. Na ce wa yaron ya ja benci ya zauna, tunda wasan farko sai ƙarfe uku.

A nan Legas aka haife shi a 1985. Sunan ma Yarabawa ga ɗan tagwayen da ya fara fitowa suke ba shi, wato Hassan ɗinsu ke nan. Ya yi wasa a Gabros ta Nnewi, ya wuce Lobi Stars ta Makurɗi, daga nan kuma a watan Janairun 2005, yana ɗan shekara 19, Marseille ta ɗauke shi. Ku dubi takalmin da aka ajiye masa ya saka. Bixente Lizarazu, wanda ya ci kofin duniya da Faransa a 1998, shi ne ya yi wata shida a kulob ɗin zaman bai yi daɗi ba, ya tattara ya koma Bayern Munich. Kocin Marseille a lokacin Philippe Troussier ne, wanda ya taɓa riƙe Super Eagles a 1997. Yaron da jiya-jiya yake hawa motar haya zuwa wasan waje a gasar gida, shi aka ce ya toshe gurbin Lizarazu.

Mu a nan mun fara saninsa sosai ne a tsakiyar wannan shekarar, a gasar duniya ta 'yan ƙasa da shekara 20 da aka yi a Holan, lokacin Samson Siasia. Ajantina ta doke mu 2-1 a wasan ƙarshe, duka biyun da bugun fenaretin Messi. Da aka zo rabon kyauta, Messi ne gwarzon gasa, Mikel na biyu, na ukun kuwa Taiwo. Lamba uku fa, mai tsaron baya, a gasar da 'yan gaba suka cika. Wata bakwai bayan nan ya ɗura wa Gana bugun tazara a gasar Afirka ta Masar, muka ci 1-0, kuma shi aka ba kyautar matashin ɗan wasan Afirka ta 2006 ɗin.

Abin da ya sa na san shekarunsa na Faransa fiye da yawancin masu shigowa wurina ba wayona ba ne, maƙwabtaka ce. Layinmu akwai 'yan Nijar da yawa, mutanen Maraɗi da Damagaram, masu gadi da masu sayar da ruwa a kura, ga kuma teloli 'yan Sanagal guda biyu. Su gasar Faransa suke so. Suka yi ta damuna har na sayo dikodar Canal, na ajiye musu ƙaramar talabijin a lungu kusa da ƙofar baya. Daren Lahadi bayan isha'i, lokacin da 'yan Arsenal da Chelsea sun gama musunsu sun watse, sai mu rage mu goma sha wani abu, mai shayi ya miƙo mana ta taga. Ba na jin Faransanci ko na sisin kwabo, amma na koyi gane muryar mai sharhi idan alƙali ya busa laifi a nesa da raga. Da zarar Taiwo ya ajiye ƙwallo ya ja da baya, sai ka ji filin Marseille, Vélodrome, ya ɗauki wani irin gurnani. 'Yan katanga kuwa har tausayi suke ba ni, kowa ya dunƙule yana kare abin da ya fi masa muhimmanci.

Ba zan yi muku ƙarya ba, ba duka ke shiga ba. Da yawa sama suke yi, su faɗa cikin 'yan kallo. Wani dattijo Bamaraɗe da muke kira Baba yakan ce wannan yaro da a gona aka sa shi korar tsuntsu da an huta. Kuma a tsaron baya yana da lam'a: idan ya hau gaba dawowa takan yi masa nauyi, wani lokaci hankalinsa ya tafi wurin ƙwallo ya manta mutumin da ke zagayowa ta bayansa. Ni ma na buga uku a ƙungiyar unguwarmu kafin in zo Kurmi, na san wannan ciwon. Ɗan gaba ya ɓarar da biyar ya ci ɗaya a ɗauke shi a kafaɗa, kai ka tare goma ɗaya ta wuce a tambayi wa ya saka ka. Amma duk da lam'ar, koci nawa aka yi a Marseille a zamaninsa? Troussier, Jean Fernandez, Albert Emon, Eric Gerets, Didier Deschamps. Kowa ya zo da mutanensa, kowa ya tarar da Taiwo a gefen hagu ya bar shi a wurin. Ribéry ya zo ya tafi, Nasri ya tafi Arsenal, ɗan uwanmu Wilson Oruma ya yi shekara uku ya wuce, shi yana nan. Ko da Deschamps ya kawo Gabriel Heinze a 2009, mutumin da ya buga wa Manchester United da Real Madrid, bai iya kore shi gaba ɗaya ba.

Kuma Marseille ba wurin da ake haƙuri da mutum ba ne. Tun kofin zakarun Turai na 1993 ba su sake ɗaga wani babban kofi ba, magoya bayansu kuma ba su da kawaici. Sun je wasan ƙarshe na kofin Faransa a 2006 PSG ta doke su, suka koma a 2007 Sochaux ta cinye su a bugun fenareti. A 2009 Bordeaux ta sha gabansu a gasar. Telolin nan 'yan Sanagal, saboda mutanensu, ɗan wasa Mamadou Niang da shugaban kulob Pape Diouf, kamar a gidansu ake yin rashin. Sai a 2010 ƙishin ya yanke: suka ci Bordeaux 3-1 a kofin lig, sannan suka ɗauki gasar Faransa, karo na farko tun 1992. A daren nan ƙaramin telan ya saya wa duk wanda ke lungun shayi da burodi, har da ƙwai.

Shekarar da ta biyo baya ita ce tasa. Watan Afrilun 2011, wasan ƙarshe na kofin lig da Montpellier a Stade de France, an yi ta fama babu ci har saura kamar minti goma. Taiwo ne ya ci, aka tashi 1-0. Daga nan murna ta kwashe shi, ya karɓi makirfo a gaban magoya baya ya rera waƙar zagin PSG, aka hukunta shi. Baba ya girgiza kai ya ce ƙafar da bakin duk babu birki.

To, a nan ne ni da shi muka raba hanya, idan mai gidan kallo yana da hanyar da zai raba da ɗan wasa. Kwantiraginsa ya ƙare, ya tafi AC Milan kyauta. Ranar da labarin ya fito, 'yan babban ɗaki, waɗanda ba su taɓa leƙa lungunmu ba, su ne suka fi kowa murna, wai yanzu ne ya zama babban ɗan wasa. Milan ce zakarar Italiya a lokacin, ga Ibrahimović, ga Thiago Silva, ga Seedorf. Wa zai ce a'a? Ni ma da ni ne da na tafi, ba na musu. Amma na faɗa a ranar, kuma akwai shaidu, cewa Italiya ba ƙasar lamba ukun da ke son hawa gaba ya saki wuta ba ce. Can ana auna ɗan baya ne da inda ya tsaya lokacin da ƙwallo ba ta wurinsa, wato daidai inda Taiwo ya fi rauni. Kifi a ruwa sarki ne. Kocin Milan Allegri ya fi yarda da Luca Antonini, wanda a ganina bai kai shi baiwa ba amma ya san inda ake tsayawa. Wasa huɗu kacal Taiwo ya buga a gasar Italiya. Watan Janairun 2012 Milan ta sayo Djamel Mesbah ɗan Aljeriya daga Lecce, shi kuma ta ba da shi aro ga Queens Park Rangers, wato QPR ta Ingila.

Abin da ya kawo shi babbar talabijin ɗina ke nan. Shekara shida da rabi yana haskawa a lungu mutum goma sha biyar suna gani, sai ga shi a gaban mutum ɗari yana wasa a kulob ɗin da ke fafutukar kada ya faɗa ajin 'yan dagaji. A can ya haɗu da tsohon abokinsa na Marseille, Djibril Cissé, a hannun koci Mark Hughes. Ya ci ƙwallo ɗaya, bugun tazara a gidan Sunderland, su kuma aka doke su 3-1. Na tashi tsaye ina ihu ni kaɗai, mutane suna kallona.

Sai 13 ga Mayu, ranar ƙarshe ta gasar, Manchester City da Manchester United suna takarar kofi. Ban taɓa ganin cikowa irin ta ranar nan ba. Na haɗa talabijin biyu, ɗaya Sunderland da United, ɗaya City da QPR, na ƙara naira ashirin a kuɗin shiga babu wanda ya yi ƙorafi. Zabaleta ya ci wa City kafin hutu, muka fita muka yi la'asar a gurguje. Ana dawowa Cissé ya rama. Joey Barton ya ɗauki jan kati ya fita yana neman faɗa da kowa, QPR suka koma mutum goma, amma Jamie Mackie ya ci ta biyu da ka. Daga nan fa sai tsaro. Abin da bidiyon wayar ba ya nunawa ke nan: kusan rabin awa mutum goma suna cikin da'irarsu, City tana ta kwararo ƙwallo ta sama da ta ƙasa, kwana bayan kwana, su Taiwo suna ta fitarwa da kai da gwiwa da duk abin da ya samu. 'Yan United na wurina, waɗanda ko sunansa ba su iya faɗa daidai ba, sai "Allah ya yi maka albarka, Taye" kake ji. Wani direban tirela har alƙawarin rago ya yi masa.

Džeko ya rama a ƙarin lokaci. Minti biyu bayan nan abin da kuka sani ya faru. An karya min benci biyu, mai alƙawarin rago ya fita yana tsine wa uwar lamba uku, kuma tun daga ranar sunan Taiwo a Agege ya zama "wanda Aguero ya wuce". Babu mai tuna cewa QPR ba ta faɗi ba, tunda Bolton ta yi 2-2 da Stoke, wato aikin da aka ɗauko shi aro ya yi an yi shi. Na sha maimaita bidiyon a hankali. Da ya kai ƙafar da ƙarfi ya share shi, fenareti ne, wataƙila da jan kati. Da ya tsaya bai miƙa ba, Aguero zai buga daga inda yake. Mutumin da ya yi minti casa'in da uku yana gudu, na rasa abin da ake so ya yi a wannan taƙin.

Abin da ya biyo baya ba shi da tsawo a bakina, domin dikodata ba ta kamo shi. Aro a Dynamo Kiev ta Yukren, inda ya haɗu da Brown Ideye da Lukman Haruna. Bursaspor ta Turkiyya a 2013, shekarar da Keshi ya ɗauko kofin Afirka da Elderson Echiejile a gefen hagu, shi yana gida. Yana ɗan shekara 30 ya koma HJK ta Helsinki, ya leƙa Lausanne a Suwizalan, ya leƙa Eskilstuna a Suwidin, sannan RoPS ta garin Rovaniemi, can ƙuryar arewacin Finlan inda rana kan ƙi faɗuwa a tsakiyar bazararsu. Na daɗe ina tunanin yadda ake buɗa baki a gari irin wannan. Wasu suna faɗin wannan jerin suna dariya. Ni da na bar garinmu shekara ashirin da wani abu ina neman na tuwo a bakin layin dogo, ban ga abin dariya ba a mutum ya bi sana'arsa inda ake biyansa.

Yaran yanzu nasu lamba ukun Zaidu Sanusi ne, ɗan Jega, kuma ina taya su. Shi Allah ya ba shi tasa daƙiƙar ta fuskar daɗi: ƙwallon da ya ci Benfica a gidanta a ƙarin lokaci, a Mayun 2022, ita ta ba Porto gasar lig ta Fotugal, ita ce kuma ke yawo a wayoyi.

Ɗan yayata ya saurare ni har ƙarshe, ko don ladabi ko don babu kowa a ƙofa tukuna. Ya ce, "To Kawu, ita ta Montpellier ɗin tana intanet?" Na ce ya nema. Sai da na rubuta masa sunan garin da alli a ƙasan allo, domin ya gwada sau uku bai dace ba. Ya samo, ta fara buɗewa, ga fararen riguna sun taru a bakin raga, sai datarsa ta ƙare. Kafin in ce ya karɓi tawa, 'yan Chelsea sun fara shigowa suna tambayar ko an sa mai a janareta.